Tsohon injin ɗab'i: a sayar da shi kilo-kilo ko a sa shi aiki?



Yau maganarmu a kan tsohon ƙarfe ce. Kowa ya san yadda muke yi da injin da ya tsufa: a tura shi bayan shago, ruwa ya dake shi damina biyu ko uku, rannan mai amalanke ya zo, a ɗora a sikeli, a sayar da shi kilo-kilo. Mu ma da haka muka ɗauka shi ne daidai. Sai da tafiya ta kai mu birnin Nashbil, a jahar Tenesi ta Amurka, muka shiga wata maɗaba'a mai suna Hatch Show Print, sannan muka sake tunani.

Wasu ƴan'uwa biyu, Charles da Herbert Hatch, su suka buɗe ta a shekarar 1879. Aikinsu na farko ƴar takarda ce ta sanar da jawabin wani mai wa'azi, Henry Ward Beecher. Daga nan suka zama masu buga fostar wasanni da ta mawaƙa. Louis Armstrong, Elvis Presley, Johnny Cash, B.B. King, dukansu an manna sunayensu a bangon garuruwa da haruffan wannan shago. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne har yau ba a daina ba. Shagon yana karɓar aiki, yana bugawa, ana biyansa.

Kana shiga, warin tawada ne zai fara tarbarka. Kantoci sun hau bango har sama, cike da allunan katako da aka sassaƙa wa hotuna da wuƙa. Manyan haruffa na katako ne, ƙanana kuma na darma da aka haɗa da wasu ƙarafa don ta yi tauri. Kowane harafi a juye yake, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Ma'aikaci zai tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ya jera, ya cike tsakanin kalmomi da guntayen da ba su kai tsawon harafi ba, ya ɗaure duka a cikin wani firam na ƙarfe. Sai a shafa tawada, a shimfiɗa takarda, a danna. In fostar mai launi uku ce, sau uku kowace takarda za ta bi ta cikin injin, ana jira wancan launi ya bushe kafin a sa na gaba. In an gama, a wanke haruffan, a mayar da kowanne gurbinsa, gobe su shiga wani aikin. Baƙon da ya biya kuɗin zagaye ma ana ba shi dama ya ja injin da hannunsa, ya tafi gida da takardar da ya buga.

Kada a ce hanyar ta zo musu da sauƙi. Will Hatch, ɗan Charles, wanda ya sassaƙa da yawa daga cikin allunan nan, ya rasu a 1952. Bayansa sababbin injuna masu sauri da araha suka cika kasuwa, shagon ya yi ta sauya hannu. A 1992 aka miƙa shi ga gidan tarihin kiɗan ƙauye na Amurka da ke garin, a 2013 kuma aka kwashe shi zuwa cikin ginin gidan tarihin. A nan ne suka yanke shawarar da muke ganin ita ce darasin. Sun iya kulle haruffan a cikin gilashi, su rubuta "kada a taɓa". Sai suka zaɓi a adana kayan ta hanyar yin aiki da su.

Akwai wata hanyar, ba mu raina ta ba. A birnin Antwaf na Beljiyam akwai gidan Plantin-Moretus, maɗaba'ar da Christophe Plantin ya kafa a 1555. Zuriyar gidan ta sayar wa birnin da ita a 1876, ta koma gidan tarihi, a 2005 kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan gadon duniya. Can ne ake ajiye injunan ɗab'i biyu da suka fi kowanne tsufa a cikin waɗanda suka rage a duniya. Irin waɗannan dole a killace su, don in suka karye babu madadinsu. Amma Antwaf birni ne mai kuɗi da ƴan yawon buɗe ido. Mu da ba mu da wannan aljihu, hanyar Nashbil ta fi kusa da ƙarfinmu, don injin da ke aiki yana samo kuɗin man da za a shafa masa.

Kuma ba injin kaɗai ake ceto ba. Ƙarfe yana iya shekara ɗari a ɗaki bai ce uffan ba. Abin da ke saurin ɓacewa shi ne sanin da ke hannun mutum: yawan tawadar da ta isa, ƙarar da injin ke yi in wani abu ya kwance, yadda ake sa ƴar takarda a ƙarƙashin harafin da ya ci don ya daidaita da ƴan'uwansa. Wannan ba ya rubutuwa duka a littafi. Ran da tsohon ma'aikaci ya kwanta dama ba tare da ya koya wa yaro ba, to injin ya zama gunki.

Wani zai ce: to mu ina ruwanmu da maɗaba'ar Amurkawa? Ruwanmu shi ne Hausa ma ta bi ta wannan hanya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kamfanin Gaskiya kuma aka kafa shi a 1945. A wancan zamani babu kwamfuta. Duk ƙ, ɗ ko ɓ da aka gani a littafin Hausa, sai da wani ya zuba ta a ƙarfe, don ba ta cikin akwatin haruffan Turawa. Yau yaro yana latsa waya ya rubuta "kasa", mai karatu ya rasa ko ƙasa ake nufi ko maciji. Da zai riƙe ƙ ta darma a tafin hannunsa, ya ji nauyinta, da ya san lanƙwasar nan wahala aka sha a kanta.

Mun san abin da wasu za su faɗa, kuma suna da gaskiyarsu. Ana fama da tsadar hatsi, wuta tana ɗaukewa, yara suna karatu a rumfar zana, sai a zo ana maganar tsohon inji? Kuma kwamfuta ta fi sauri, ta fi araha, mai shago ba zai ciyar da iyalinsa da tarihi ba. Haka ne. Ba mu ce kowace maɗaba'a ta koma jiya ba, ba mu kuma ce a ɗebi kuɗin asibiti a gina gidan kallo ba. Ɗaki ɗaya muke magana, inji ɗaya, tsoho ɗaya da yara biyu masu koyo. Injin da ake ja da hannu ko a taka da ƙafa ma bai san an ɗauke wuta ba.

Ai tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da maƙera da dukawa da ke zaune suna aiki a gaban baƙi, suna sayar da abin da suka yi. Abin da muka yarda da shi ga fata da azurfa, me zai hana mu yarda da shi ga tawada da takarda?

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Mai maɗaba'ar da ke da irin wannan inji ko akwatin haruffa a lungu, don Allah kada ya kira mai sikeli kafin ya sanar da magajin gari ko gidan rediyon garinsu. Matasa masu waya, ku nemi tsofaffin da suka jera haruffa da hannu, ku zauna ku ce: "Baba, nuna mana yadda kuke yi," ku ɗauki murya da hoto tun suna da rai. Malaman makaranta su kai yara su gani. Mu kuma sauran jama'a, in an tayar da irin wannan ɗaki, mu kai masa aiki: katin ɗaurin aure, katin suna, kalanda, rasit na shago. Shagon Nashbil ya rayu ne saboda mawaƙa suna zuwa da kuɗinsu suna cewa a buga musu. Tausayi kaɗai ba ya riƙe sana'a.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba. In kun san inda wani tsohon injin ɗab'i yake kwance a garinku, ko wani dattijon da ya yi aiki da shi, ku sanar da mu sunan garin da unguwar, mu je mu gani da idonmu.

Allah Ya sa mu dace.