Gidan da za ka saya, ka gan shi da damina

Ɗan'uwa mai karatu, kowane magidanci yana son ya ga iyalinshi cikin gida nasu na kansu. Haya akwai gajiyarwa. Wata bai gama mutuwa ba, mai gida yana tsaye bakin ƙofa. Wani kuma gidan gado ne ya yi musu kaɗan, ɗiya sun girma, ɗaki babu. Saboda haka, ranar da Allah ya hore maka kuɗi, zuciya za ta ce ka yi maza ka saya. Ni kuwa shawarata ita ce: kada ka biya kuɗin gida sai ka gan shi da damina.

Me ya sa? Galibinmu da rani muke sayen gida. Lokacin an sayar da wake da albasa, masu zuwa Abijan da Legas sun komo da ɗan abin da suka samo. Amma rani yana rufa wa gida asiri. Ƙasa ta bushe, bango ya sha sabon yaɓe, ko'ina tsaf. Sai malka ta sauka cikin watan Agusta, sannan gida yake nuna halinshi.

Na ga haka da idona. Wani ɗan'uwana ya yi shekara bakwai yana tara kuɗi. Dillali ya kai shi wani gida mai ɗaki uku, da araha. Ya ce mashi: «Malam, ka yi sauri, akwai wani mai so.» Ya biya cikin kwana biyu. Ashe wurin tsohon kududdufi ne, inda ake haƙar ƙasar gini, aka cike shi da shara. Damina ta farko ruwa ya kwana cikin ɗaki. Ta biyu, bangon gabas ya faɗi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma yau ya koma haya, kuɗi kuwa sun tafi. Araha ba ta ado.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tsohon garin Maraɗi a bakin Gulbi yake. A 1945 ruwa ya ci garin, dole aka tashi aka hau tudu. A 2020 kogin Isa ya cika ya batse, ya shiga unguwannin Yamai na bakin ruwa, kamar Saga da Lamorde. A 2024 kuma, ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya. A wannan shekara ce tsohon masallacin Damagaram ya rushe, bayan ya yi shekara sama da 150 yana tsaye. In ruwa ya kayar da ginin sarakuna, ina ga ɗakin talaka da aka gina cikin kwari?

Mu yi ɗan lissafi tare. Ka ɗauki fili mai mita 20 a tsawo, mita 20 a faɗi. In an yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 20.000 ke sauka cikin wannan fili. Tano ɗari ke nan. To, ina wannan ruwa zai bi? In tsakar gida ta fi titi tudu, zai fita. In titi ya fi ta tudu, naka ba zai fita ba, na maƙwabta ma zai shigo ya same shi.

Saboda haka, ka je ka ga gidan washegarin ruwa mai yawa. Ka je da ƙafa, ba bisa babur ba. Ka duba ko ruwa yana kwanciya a tsakar gida ko a ƙofa. Ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro, sauro kuwa shi ke kawo wa yara masassara. Ka duba gindin bango. In ka ga laima, ko wani fari-fari kamar kanwa, ƙasa tana tsattsafo. Ka ɗaga kai ka dubi rufi. In azara ce, ka ƙwanƙwasa, ka ji ko gara ta cinye cikinta. In kwano ne, ka duba tsatsa da wurin yoyo. Ka dubi ƙofofin maƙwabta. In kowa ya ɗaga dokin ƙofarshi, ko ya jera buhunan yashi, ba don ado suka yi ba.

Za ka ce: «In na jira damina, wani zai riga ni.» Gaskiya ne, yana yiwuwa. Amma gidan da ya kuɓuce maka, kuɗinka na nan hannunka. Gidan da ya faɗi, ba gida ba kuɗi. In kuma dole ne ka saya da rani, to ka nemi waɗanda suka ga daminar wurin. Kada ka tambayi dillali, shi la'adarshi yake nema. Ka tambayi tsofaffin unguwa, da mai shagon kwana, da ƴan garuwa. Su suka san inda ruwa yake bi.

Kuma kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da uwargida. Ita ce za ta wuni cikin gidan. Ita za ta ga abin da ba ka gani ba: ina madafa, ina hayaƙi zai fita, famfo yana da nisa ko kusa. In akwai rijiya, za ta duba tsakaninta da salga. Ma'aikatan kiwon lafiya suna son a bar mita 30 a tsakani, don kada ƙazanta ta gangara cikin ruwan sha. Ku auna hanyar lakwal da ta gidan likita. Yaro ƙarami zai iya bin ta in korama ta kawo? Mace mai naƙuda fa, cikin dare?

Watannin nan na jira ba asara ba ne. Cikinsu ne za ka binciki takarda. Gida da yawa na gado ne. Mutum ɗaya ya sayar, bayan shekara biyu ƙanenshi ya komo daga tafiya ya ce bai yarda ba. Ka tabbata an raba gado, kuma magada duka, maza da mata, sun amince. A birni, ka kai takardar fili ma'aikatar magajin gari, a duba ko lambar filin da sunan mai shi sun dace da abin da ke cikin littafi. Akwai filin da aka sayar wa mutum biyu. A karkara, ka bi ta wurin maigari da kwamitin filaye da ake kira Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Ka nemi takardun biyan kuɗin ruwa da na wuta, kada ka gaji bashin wani. Ranar ciniki, a rubuta komai gaban shaidu. Yanzu da kake karatu, ka duba sunanka da yawan kuɗin da idonka kafin ka sa hannu. In takardar da faransanci take, ka zo da naka mai karantawa, wanda ka amince da shi.

Abu na ƙarshe: kada ka zuba duk abin da ka mallaka cikin sayen gida. Ka rage na gyara, ka rage na hatsi. Kada ka sayar da gonar da ke ciyar da ku don ka sayi bango. Ƙaramin gida bisa tudu, mai takarda sahihiya, ya fi babba cikin kwari. Ɗaki ana ƙara shi baɗi in Allah ya hore. Amma fili ba a ɗauke shi a sake mashi wuri.

Allah ya ba mu muhalli na alheri, da maƙwabta nagari.