Kirifto: Kuɗin Ɓoye Ne Ko Na Fili?

Musabbabin wannan ɗan rubutu wata gardama ce da ta kaure a majalisarmu ta teburin mai shayi da ke Majidaɗi, cikin garin Jalingo, a hutun da ya gabata. Wani abokina, wanda tun zamanin dangwalen Hamster Kombat na 2024 yatsansa bai huta ba, ya bugi ƙirji ya ce shi da banki haihata-haihata. Wai kuɗinsa na kirifto ba wanda ya san nasa ne, balle hukuma ta sa musu hannu.

Mu ɗaliban harshe mun san suna linzami ne. Kalmar kirifto daga Girkanci ta samo tushe, ma'anarta ɓoyayye, kuma a nan ruɗin ya faro. Mabuɗin kuɗin ne ɓoyayye, cinikin kuwa a fili yake. Tun da aka fara Bitcoin a 2009, duk abin da ya fita daga wata lalita zuwa wata yana rubuce a kundin da kowa zai iya dubawa, kuma ba a gogewa. Gaskiya ne babu sunanka a ciki, sai wata doguwar lamba. Amma ai kamar marubuci ne mai fakewa da sunan aro: ranar da aka gano shi, duk abin da ya taɓa rubutawa ya hau kansa.

To ta yaya ake ganowa? Ba a sayen doya da Bitcoin a kasuwar Jalingo. Dole wata rana ka canza shi zuwa naira. Manyan dandalin canjin sai sun karɓi hotonka da katin shaidarka, wanda ya saya a hannunka kuma asusunka na banki zai tura wa kuɗi, mai ɗauke da lambar BVN ɗinka. A wannan mashiga ake ɗana tarko.

Mun kuwa gani a ƙasar nan. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta 2020, da aka toshe wa masu tara gudummawa hanyoyin banki, sai suka koma Bitcoin. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, bai sassauta ba sai Disambar 2023. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an kamfanin Binance biyu a Abuja, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla, sannan Babbar Kotun Tarayya ta umarci kamfanin ya miƙa wa hukumar EFCC bayanan 'yan Nijeriya masu ciniki a dandalinsa. A Afrilun shekarar kotu ta ba EFCC izinin ƙulle asusun banki 1,146 bisa zargin haramtaccen cinikin kuɗin waje da makamantansa. Can Amurka ma, a 2022 hukuma ta ƙwato Bitcoin sama da 94,000 daga cikin waɗanda aka sace a dandalin Bitfinex tun 2016. Shekara shida sawun bai ɓace ba.

Abokin nawa yana da hujja guda da ban musa ba. Wanda ya riƙe Bitcoin a lalitar kansa, da kalmomin sirrinsa 12, babu bankin da za a aika wa takarda ya ƙulle masa. Sai dai yawancinmu USDT muke riƙewa don gudun faɗuwar naira, shi kuwa kamfanin Tether da ya ƙirƙire shi yana da ikon daskarar da shi a cikin lalitar mutum, ya kuma sha yin haka bisa buƙatar hukumomi. Ko Bitcoin ɗin ne, hukuma ba ta buƙatar fasa lissafi. Mai mabuɗin za ta kama.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe sana'ar ne. Matasa da yawa suna cin halaliyarsu da ita, dokar zuba jari ta 2025 ma ta sa ta ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaron da zai sayar wa wanda bai sani ba, kuɗin damfara ko na fansa su faɗo asusunsa, yana nan yana tunanin ba mai ganinsa.

Kafin mu watse na tambayi mutumin nawa inda ya adana kalmomin nan 12. Ya ce hotonsu ya ɗauka, suna cikin wayarsa. Wayar kuwa da layin da ya yi wa rajista da lambar NIN ɗinsa take aiki.