Kowace Rawa da Kiɗanta

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin ƙwarai ya san ƙafar mai rawa yake kallo kafin ya sauke gula a kan fata.

Ku dubi Yendi a bikin Damba na watan Maulidi. Kiɗan da makaɗan lunga na Dagomba suke yi wa basarake yana tafiya da ƙasaita, domin rigarsa ta batakari ta sami sararin buɗewa idan ya juya. Na 'yan Takai kuwa yana barin gurbin da sandunansu za su haɗu. Mu ma haka muka gada daga ƙasar Hausa: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, ganga ta manoma, tambari na sarki. Daga nesa mutum zai ji sauti ya san wa ake kira cikin fili.

Wannan hikima ba tamu kaɗai ba ce. A Faransa, Jean-Baptiste Lully, makaɗin fadar Sarki Louis na 14 wanda ya rasu a 1687, shi kansa ɗan rawa ne. A wasanninsa na opera, inda ake rera labari da waƙa, ya ba rawar minuet bugu uku-uku, ya ba gavotte bugu bibbiyu, kowace gwargwadon takunta. Da yake an rubuta kiɗan a takarda, har yau ana kaɗa shi.

Namu fa yana cikin kawunan dattawa. Yanzu a bukukuwan zangon Salaga da Yendi da Bawku, sau da yawa lasifika ce ke aiki, bugu ɗaya tun la'asar har dare, amarya da mahauci da tsohuwa duk rawa guda. Ranar da makaɗin ƙarshe ya kwanta dama, babu takardar da za a buɗe.

Don haka, 'yan'uwa, wanda zai aurar da 'ya ya ware wa mai kalangu sa'a guda, ya kuma sallame shi da mutunci. Matasa masu waya su ɗauki kiɗan, su tambayi sunansa, da rawarsa, da wanda ake yi wa shi, tun masu amsawa suna raye.