Wai Ni Ne Ɗan Yawon Banza

Yau da ɓacin rai nake wannan rubutu, kuma ina roƙon iyayenmu da yayyenmu da za su ga kansu a ciki su yi mini afuwa, domin ba raini ya sa ni magana ba. Abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar shago, sai ɗan baffana da ke karatu a Birtaniya ya aiko da hotuna ta waya. Hutu ya samu, shi da abokansa suka yi hayar mota suka nufi arewacin Sikotlan, suna ratsa duwatsu, in sun iso bakin teku su shigar da motar cikin jirgin fito a haye da su. Sun je wani tsibiri wai shi Skye, daga can wani jirgin ya kai su Harris. Wayar nan ta zagaya hannu-hannu, wannan ya ce "Kai, Turawa sun more!", wancan ya ce "Allah Ya yi halitta a can." Baffa kuwa har da gyara zama, ya ce yaron nan ya yi dabara, ai tafiya mabuɗin ilimi ce.

Ni dai na yi gum da bakina. Domin kuwa wannan majalisa, da waɗannan bakuna, su ne suka laƙaba mini suna "ɗan yawon banza" a watan Disamban 2022, lokacin da na dawo daga tsaunin Mambila. Har yau akwai masu kirana da shi. Ranar da na dawo, bayan na durƙusa na gaida Baba, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Me ka saro?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ban saro komai ba sai ganyen shayi na tsaraba." Ya ce, "To me ka kai?" Na ce ban kai komai ba, gani na je yi. Ya dube ni ya ce, "Gani? Kwana tara ka bar shago saboda gani?" Bai ƙara cewa uffan ba, amma sai da aka yi mako bai aike ni ko'ina ba.

To mai karatu, ka yi mana alƙalanci. Ɗan baffana ya kashe kuɗi ya je kallon duwatsun Turawa, an ce ya yi dabara. Ni na kashe abin da na tara da gumina na je kallon duwatsun ƙasar da nake ci nake sha a cikinta, na zama ɗan yawon banza. Alhali dutsen da ya fi kowane tsawo a duk Birtaniya, wato Ben Nevis da ke Sikotlan ɗin, tsayinsa mita 1,345 ne. Doron Mambila kuwa, inda mutane suke da gidaje da gonaki da kasuwanni, ya kai wajen mita 1,600. Wato mai tallan ƙosai a Gembu ta fi wanda ya hau ƙololuwar Ben Nevis nisa da ƙasa. Ba a ma maganar Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a Nijeriya, yana nan jihar Taraba a kan iyakarmu da Kamaru.

Bari in faɗa muku abin da na gani, tunda ba wanda ya tambaye ni a lokacin. Na bar Bauchi da asuba a motar haya ta hanyar Gombe, muka haye Gongola a gadar Dindima. Daga Gombe muka bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo, inda duwatsun ƙasar Tangale suke tsaye kamar an dasa su da hannu. A Numan muka haye Binuwai, a can ne kuma Gongolan nan da na bari a Dindima yake zuwa ya zuba a cikinsa. Na kwana a Jalingo, washegari muka bi ta Bali zuwa Serti, bakin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a ƙasar nan. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawa. Hanya ce mai murɗa kamar igiya, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, duk wanda ke cikin motar ya koma salati. Da muka kai sama sai na ga wata duniya daban: tuddai bayan tuddai ba iyaka, shanu a warwatse a kansu, ga hazo yana bin ƙasa, ga sanyin da rigar sanyina ta Bauchi ta kasa tarewa. Na wuce Maisamari da Nguroje, na je Kakara na ga gonar shayi da idona. Ni da na tashi ina shan shayi safe da yamma, ban taɓa sanin kamannin ganyensa a jikin itace ba sai ranar.

A dawowa na ƙi bin hanyar da na zo. Na biyo ta Wukari zuwa Ibi domin in haye Binuwai a jirgin fito, don a lokacin babu gada a wurin. Nan na ga abin da ɗan baffana ya je Turai ya gani. Ana shimfiɗa katako, direba ya hau da mota cikin jirgi a hankali, a sa duwatsu a tare tayoyi, babura da buhunan doya da mutane kowa ya nemi wurin raɓawa, inji ya tashi. A rani ruwan ya ja baya, tsibiran yashi sun fito a tsakiyar kogi, masunta sun kafa bukkoki a kai. Ba zan ɓoye ba, cikina ya ɗuri ruwa, don ban ga rigar ruwa ko ɗaya a jirgin da na shiga ba. Amma mun haye lafiya, muka bi ta Shendam da Langtang, muka faɗo Tafawa Ɓalewa da Dass, duwatsun Mbula suka rako mu har muka doshi gida.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Mu 'ya'yan fatake ne. Baba daga Damagaram ya zo garin nan fiye da shekara talatin da suka wuce, wasunmu iyayensu daga Maraɗi suka zo, wasu daga Katsina, wasu daga Kano. Ba wanda zai koya mana tafiya, kakanninmu da ƙafa da jakuna suka kai Gwanja neman goro. Amma tafiyarmu ta tasha ce zuwa kasuwa, kasuwa zuwa masauki. Baba ya haye gadar Dindima sau ɗaruruwa, a nan kuma hanyar Yankari ta rabu da ta Gombe, bai taɓa cewa direba ya karya kan mota ba ko sau ɗaya. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mutane suna tasowa daga Legas da ƙasashen waje don su ga giwaye, su yi wanka a ruwan Wikki da ɗuminsa ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Mu da muke kilomita ɗari da 'yan kai daga wurin, a kalanda muke ganinsa. Kai, a majalisarmu akwai wanda ya shekara ashirin a Bauchi bai taɓa shiga kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, ga shi nan cikin gari, kuɗin acaɓa kawai.

Sannan mu ne masu ƙorafi in an kira mu baƙi. Muna jin zafi in an yi mana karin maganar nan ta baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To wai da me za mu musa? A nan aka haife ni, a nan na yi sakandare, amma kafin tafiyar nan in aka tambaye ni me ke bayan Dass sai in yi zuru. Wanda bai san ƙasa ba sai rumfunan kasuwarta, ranar da ciniki ya mutu ba abin da zai riƙe shi, kuma mutanen gari suna lura da haka.

Masu cewa gani ba ya kawo riba, ga wani labari daga Sikotlan ɗin da kuke sha'awa. A 1854 wani likita mai suna William Baikie, haifaffen tsibiran Orkney da ke can ƙuryar arewacinsu, ya shigo Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad, ya bi wannan ruwa da na haye a Ibi. Yana tafe yana aunawa yana rubutawa, daga baya ya zauna a Lakwaja ya koyi Hausa. Kafin shi, Hugh Clapperton, shi ma ɗan Sikotlan, ya zo Kano da Sakkwato a 1824. Na tabbata fataken wancan zamani sun yi musu dariya, ga mutane sun sha wuya sun zo kallon kogi da duwatsu. Ba a daɗe ba kamfanin Turawa ya kafa sansani a Ibi, a 1902 kuma sojan Ingila suka shigo Bauchi. Ba ina yaba musu ba ne, Allah Ya sani. Abin da nake nunawa shi ne su ba su ɗauki gani a matsayin wasa ba, kuma mun ga abin da ya biyo baya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, ni kaina da yanzu ne da wuya in iya tafiyar Mambila. Amma kuɗin da muke zubarwa a ankon biki guda zai kai yara Yankari ya dawo da su. Za a ce hanya ba tsaro. Wannan ma gaskiya ne, akwai hanyoyin da ni ma ba zan bi ba, kuma ban ce kowa ya jefa kansa a halaka ba. Sai dai ban taɓa jin an fasa zuwa cin kasuwar ƙauye saboda wannan dalili ba. In don saro kaya ne, mun san yadda ake tambayar direbobi labarin hanya, a tashi da wuri, a sauka kafin magariba. Me ya sa wannan wayon yake ɓacewa in aka ce a je a ga halittar Allah? Za a kuma ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. To in haka ne, Baffa, da girmanku, me ya sa kuka yaba wa ɗanku?

Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne ƙanena. Makarantarsu ta shirya kai ɗalibai Yankari a zangon da ya wuce, ya zo da takarda yana murna, Baba ya ce ba a gidansa ba, ɗan yawon banza ɗaya ya isa. Yaron nan ya kwana yana kuka, kuma na san saboda ni aka hana shi. Ranar Juma'a yana tsaye a bayan Baffa yana leƙen hotunan Skye, na ga yadda idonsa ya yi.

Don haka ga roƙona ga iyayenmu da shugabannin jama'armu. In Allah Ya kai mu hutun ƙaramar Salla, mu haɗa kuɗi kamar yadda muke haɗawa in an yi rasuwa ko gobara, mu ɗauki bas guda, mu kwashi yaranmu maza da mata da manya biyu ko uku, a tashi bayan asuba a dawo kafin magariba. In Yankari ta yi tsada, a fara da Dass ko Sumu. Ni na ɗauki nauyin kujera biyu, ɗaya ta ƙanena, ɗayar kuma na ajiye wa Baba ko da zai canja shawara. Wanda yake ganin na yi kuskure ya same ni a shago mu tattauna, shayi na wuyana.

Allah Ya sa mu dace, Ya kiyaye mana hanyoyinmu. Wassalam.