Saint-Louis Tsakanin Kogi Da Teku

A watan Oktoban 2003, Kogin Senegal ya cika ya batse, yana neman cinye birnin Saint-Louis. Sai hukumomi suka haƙa mashiga mai faɗin mita 4 a jikin Langue de Barbarie, siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku. Ruwa ya sauka, birni ya tsira. Amma igiyar ruwa ta yi ta cin bakin mashigar har faɗinta ya kai kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dièye ya nutse, gishiri ya lalata gonakin lambu na Gandiol, masunta da dama sun rasu wajen ƙetare mashigar.

A unguwar Guet Ndar kuwa, teku har ɗaki yake shiga. Ka ga gida rabi a tsaye, rabi ya bi ruwa. Katangar duwatsun da aka gina don tare teku ta taimaka, mun yaba. Damuwarmu ita ce iyalan da aka kwashe zuwa Diougop, nesa da gaɓa. Masuncin da aka raba da teku, me zai ci? Wajibi ne gwamnatin Senegal ta samar musu hanyar isa ga kwale-kwalensu kullum.