Raddi Ga Mai Cewa Firgicin Matasa Raunin Imani Ne

Magana ta iso gare ni daga wani malami cikin ’yan’uwanmu na ƙasar Madobi, wanda nake ganin girmansa saboda shekarunsa da karatunsa, cewa wai firgicin nan da ke auka wa samari da ’yan mata, inda yaro yana zaune lafiya ƙalau sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, numfashi ya sarƙe, har ya sakankance ajalinsa ne ya zo, ba ya wuce ɗayan uku: ko raunin imani, ko shafar aljanu, ko kuwa shagwaɓar ’ya’yan zamani. Ya ƙara da cewa kai irin wannan yaro asibiti koyi ne da Nasara. Tun da yake maganar ta bazu a majalisu daga Kwankwaso har Kura da Bunkure, iyaye kuma sun fara aiki da ita, amsa ta ya zama wajibi.

Allah ya gafarta Malam, batun raunin imani nassi ne da kansa ya rushe shi. Alƙur’ani ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya fita daga birni cikin tsoro a Suratul Ƙasas, da yadda tsoro ya ɗarsu a ransa ranar gamuwa da matsafa a Suratu Ɗaha. Imamul Buhari kuma a farkon Sahihinsa ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya komo daga kogon Hira zuciyarsa tana makyarkyata, Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙatu ɗan Naufal. Ban ce abin da ya sami Annabawa cuta ne ba, Allah ya tsare harshena. Hujjata ita ce tsoro ɗabi’a ce ta ɗan Adam wadda take zama tare da cikakken yaƙini a zuciya guda. Malaman usulu kuwa sun tabbatar cewa ba a kallafa wa bawa abin da ba shi da iko a kansa, to wane yaro ne yake da iko a kan bugun zuciyarsa?

Shafar aljanu ita ce ta fi bukatar tsayawa. Musulmi ba ya musun samuwar aljanu, amma samuwarsu daban, hukunta cewa su ne suka taɓa wannan yarinya a wannan rana daban, kuma mai da’awa shi ne zai kawo shaida. Likitoci sun bayyana cewa akwai wani sinadari, adirenalin, da ke fitowa daga wasu ƙananan halittu a saman ƙoda idan mutum ya gamu da haɗari, domin zuciya ta ƙara sauri, jini ya kwarara ga gaɓoɓi, mutum ya gudu ko ya kare kansa. Misalinsa kamar ruwan Tiga ne, wanda tun da aka gina madatsar a zamanin Audu Bako yake rayar da shinkafa da alkamar wannan yanki idan an sako shi da ƙima, amma in aka buɗe ƙofar kanal ba lokacin ban ruwa ba, sai ya malale shuka. Wanda abin ya same shi yakan yi ta haki, hakin ya rage wata iska da jini ke bukata daidai gwargwado, daga nan jiri ya kama shi, leɓɓa su yi tsami, yatsu su ƙandare. Ƙandarewar nan ita ce mutane ke gani su ce ga iska ta tashi. Galibi abin yakan kai maƙura cikin minti 10, sannan ya sauka da kansa, don haka duk wanda ya tsaya a kan yaron a wannan ɗan taƙi, mai hayaƙi ne ko mai bulala, shi za a ce ya kori aljani. Manya ba su manta da Sumbuka ba, larurar nan da aka danganta ga aljanu, wadda ta game makarantun ’yan mata na Kano wajen 1995, aka ga yadda razanar ɗaliba guda take kama ɗakin kwana baki ɗaya.

Abin da ya fi tsorata ni a wannan fatawa shi ne, a ƙasar noman rani akwai cututtuka masu kama da firgici waɗanda jinkiri a kansu halaka ne. Yaron da ya wuni yana feshin tumatir bai rufe hanci ba, ya dawo yana gumi da kakkarwa da dalalar yawu, guba ce ta shige shi, asibiti yake bukata nan take. Tsargiya da yara ke ɗauka a ruwan kanal tana rage jini, ƙarancin jini kuwa yana kawo bugun zuciya. Ga asma, ga farfaɗiya, ga tiramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wanda ya yanke hukuncin aljani kafin a auna yaro, ya yi fatawa ba da ilimi ba.

Shagwaɓa kuwa, Malam ya leƙa Kwanar Gafan da sassafe ya ga su wane ne ke dakon kwandunan tumatir. Yaron da kuɗin jarrabawarsa ke rataye da gonar mahaifinsa, a ƙasar da tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016, yana da abin zullumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, damuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Saura koyi da Nasara. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, wato 934, ya keɓe babi a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus kan tsoro da razana, inda ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin natsuwa domin ranar firgici, ya kuma saba wa kansa da abin da yake tsoro har ya daina razana shi. Wannan ita ce hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi a yau, shekara fiye da dubu bayansa. A ƙasarmu Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun wallafa a kan ɗibbu, umurnin neman magani kuma ya tabbata a Sunan na Abu Dawuda da Tirmizi.

Na yarda da Malam cewa zikiri da alwala da addu’ar neman tsari daga baƙin ciki suna sanyaya zuciya, a lazimce su. A haɗa da zaunar da yaro wuri mai iska, a watse daga kansa, a sa shi ya ja numfashi a hankali ya fitar a hankali fiye da yadda ya ja, a gaya masa abin zai wuce. Ya rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, ya sami barci, kada kuma a cire shi daga makaranta ko a hana shi kasuwa, domin gudun wurin da abin ya faru shi ke ƙara masa ƙarfi. In ya yawaita, a fara da asibiti mafi kusa, daga can a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Ina roƙon Malam, don girman Allah, ya koma majalisar da ya yi wannan magana ya warware ta da bakinsa, domin iyayen yaran nan maganarsa suke ji, ba tawa ba.