Kafin a Sauya wa Ducati Salansa, a Fara Auna Bawul



Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja a Abuja ko Legas, wani jan babur ya zo ya tsaya kusa da shi yana gurnani, ya san yadda zuciya take yi. Kowa sai ya juyo ya kalla. Sau da yawa sunan da ke jikin tankin Ducati ne, wani lokaci Aprilia ko MV Agusta, dukkansu 'yan Italiya, ƙasar da ta ba iyayenmu Vespa. Da yawa daga cikinmu in aka ce yau ga irinsa mun samu, abin da zai fara zuwa mana a rai shi ne a sa masa salansa mai ƙara, a ƙara fitilu, a liƙa sitika. Ra'ayinmu shi ne wannan lissafi a baibai yake. Kuɗin farko na mai irin wannan babur na bawul ne da bel da man birki da taya. Salansa ce ƙarshe a layi, kuma wanda ya jawo ta gaba yana wasa ne da aljihunsa da kuma ransa.

Mu fara da abin da ya bambanta shi da baburan da muka saba da su. Kamfanin Ducati ya fara ne a 1926 a birnin Bolonya, kuma kayan rediyo yake yi a lokacin. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, ya shiga ƙera wani ɗan inji mai suna Cucciolo da ake ɗaura wa keke. A 1954 injiniya Fabio Taglioni ya kama aiki a kamfanin, ya tarar da matsalar da ke damun duk masu tsere a zamanin. A injin babur na yau da kullum, kamshaf ne ke danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya mayar da shi ya rufe. In inji ya ɗauki gudu sosai, sifirin na wancan lokaci ba ya iya bin sawu, sai bawul ya makara wajen rufewa, ƙarfi ya zube, wani lokaci ma fistin ya same shi a hanya. Taglioni sai ya ba kowane bawul roka biyu, ɗaya ta buɗe shi, ɗaya ta ja shi ta rufe. Wannan tsari shi ake kira desmo. Babur ɗinsa mai cc 125 ya ci tsere da shi a Suwidin a 1956, daga baya kuma tsarin ya zama tambarin kamfanin. Da shi Casey Stoner ya zama zakaran MotoGP a 2007, da shi Francesco Bagnaia ya ci a 2022 da 2023.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tunda kowane bawul yana da roka biyu, wurin awo ma biyu ne. Tsohon Monster 900 yana da bawul 4, ke nan wuri 8 za a auna. Ducati 916, wanda Massimo Tamburini ya zana ya fito a 1994, bawul 8 gare shi, wurin awo 16. Panigale V4 na 2018 bawul 16, wurin awo 32. Ratar da ake nema a wajen buɗewa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, wato kaurin takarda guda, ta wajen rufewa kuma ta fi haka matsewa. Ana aunawa ne inji yana da sanyi, da siraran ƙarafan awo, in ba ta yi daidai ba a cire wani ɗan ƙarfe da ake kira shim a sa mai kaurin da ya dace. Kafin ma hannu ya kai wurin sai an sauke riga, an ɗaga tanki. In ratar ta matse fiye da kima, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, zafi ya cinye bakinsa. In ta yi yawa, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe har roka ta ci. A tsofaffin samfura kamfani ya ce a duba duk bayan kilomita 10,000 zuwa 12,000, a Panigale V4 kuma 24,000. Babu mai ganin wannan aiki a danja, shi ya sa ake tsallake shi.

Na biyu shi ne bel. Tun daga Pantah na 1979, yawancin injinan Ducati masu silinda biyu bel na roba mai haƙora ne ke juya kamshaf ɗinsu. Roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a sauya bayan shekara 2 ko kilomita 20,000, duk wanda ya riga zuwa, a sababbin samfura kuma an tsawaita wa'adin zuwa shekara 5. Nan ne tarkon babur na hannu yake. A ce matashi ya sayo Monster daga Turai, shekararsa 10, mita tana nuna kilomita 9,000 kacal. Murna zai yi, ya ce ai sabo ne fil. Alhali in ba a taɓa sauya bel ɗin ba, ya daɗe da wuce wa'adinsa, kuma ranar da ya tsinke kamshaf zai tsaya cak, fistin ya ci gaba da hawa da sauka, ya daki bawul. Bel biyu da ladan mai gyara ba su kai ko kusa da kuɗin sake kan inji ba. Ɗaurin bel ɗin ma da awo ake yi: ana kaɗa shi kamar tsirkiyar garaya, na'ura ta saurari sautin ta faɗi ko ya yi tauri ko ya yi sako-sako. Panigale kuwa sarƙa ce ke juya nasa kamshaf ɗin, don haka dole mutum ya san ainihin samfurin da ke hannunsa da shekararsa kafin ya ɗauki shawarar kowa.

Na uku shi ne abin da ke tsayar da babur. Panigale V4 na 2018 yana da ƙarfin doki 214, Boxer ɗin da muke hawa zuwa kasuwa bai kai 10 ba. A gudun kilomita 100 cikin awa, mutum yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba. Birkin Brembo da ke zuwa da waɗannan babura yana cikin mafi kyau a duniya, amma da mai yake aiki, man kuma yana tsotsar laimar iska sannu a hankali. In ruwa ya yi yawa a cikinsa, da birki ya ɗauki zafi sai ya tafasa, a matsa hannu a ji shi laɓas. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2 ko da idonka ya ce maka lafiyarsa ƙalau. Taya ma haka. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta shekara bakwai tana iya zama da zanenta raɗau, amma robar ta bushe ta yi tauri, ba ta kama titi a kwana.

Wanda ya kawo babur ɗin ƙasarmu kuma ya ƙara masa wasu abokan gaba da injiniyoyin Bolonya ba su fama da su. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska da wuri, tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Cunkoson gari da zafin bazara suna dafa injin da aka yi shi don iska ta riƙa dukansa. Litattafan waɗannan babura galibi fetur mai lamba 95 suke nema, na galan a bakin titi kuwa babu wanda ya san lambarsa. Saboda haka wa'adin da kamfani ya rubuta, a wurinmu iyaka ce ta ƙarshe. Mai hankali yakan yi juyen mai ya duba mataci tun kafin ta cika.

Yanzu ga maganar da muka san wasunmu za su yi, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce in haka ne, ai kawai Italiyawa sun ƙera abu mai wahalar riƙo, gara mutum ya sayi Yamaha ko Honda ya huta. Ba mu musa ba, wanda yake son ya tayar ya tafi ba tare da yawan lissafi ba, babur ɗin Japan ya fi masa sauƙi. Ƙarfen sifirin na yanzu ma ya yi kyan da matsalar da Taglioni ya magance ta ragu ƙwarai. Kamfanin Ducati da kansa ya amsa haka a aikace: injin V4 Granturismo da ya sa wa Multistrada V4 sifirin yake amfani da shi, kuma sai bayan kilomita 60,000 ake duba bawul ɗinsa. Amma wannan hujja ta mai shirin saye ce. Wanda ya riga ya saya ba ta da amfani a wurinsa, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawarar da za mu ba mai shirin saye ita ce ya tambayi kuɗin babban sabis da hanyar samun kayan gyara tun kafin ya taya babur, domin yawancinsu daga Turai za a yi odarsu, da Yuro za a biya, kuma sai an jira.

Wasu kuma za su ce makanikanmu babu abin da ya gagare su. Mu ma mun yarda da basirarsu. Mutumin da ya raya Vespa shekara arba'in da kayan da shi ya sassaƙa da hannunsa ba abin rainawa ba ne. Abin da yakan rasa kayan aiki ne: littafin gyara na wannan samfurin, ƙarafan awo, akwatin shim, sifanar da ke auna ƙarfin ɗaurin noti don kada a cinye zaren alminiyon, da kwamfutar da ke karanta matsalar inji. Laifin kuma rabinsa namu ne. Za mu biya kuɗin salansa ba tayi, amma in bakanike ya ce aikin bawul yini guda zai ci, sai mu ce ya cika tsada, mu kai wa wanda zai saurari inji da kunne ya ce lafiya lau. Da mun riƙa biyan ladan awo yadda ya kamata, da an samu matasan da za su sayi kayan su ƙware a kai.

Wannan duka ba yana nufin ƙara wa babur kaya haramun ba ne. Bayan an gama da na dole, akwai ƙarin da yake biyan kuɗinsa. Mafi araha shi ne saita shokazoba daidai da nauyin mai hawa, a auna yadda babur ke nutsewa in an zauna, a nemi kusan milimita 30. Mutane da yawa suna da shokazobar Öhlins mai tsada da ba a taɓa juya mata noti ko sau ɗaya ba. Masu Monster da ke yawo cikin gari sukan rage haƙori ɗaya a ƙaramin farantin sarƙa na gaba, daga 15 zuwa 14, babur ya daina fizga a ƙaramin gudu. Akwai kuma sauya ɗan famfon kuloci da wanda ya fi faɗi don hannu ya huta a cunkoso. Sai hular kwano ta gaske da rigar kariya da safar hannu da takalmi, waɗanda a ganinmu suna gaba da duk wani ƙarfe da za a ɗaura wa babur.

Sannan a zo kan salansa. Termignoni da Akrapovič suna da daɗin ji, suna kuma rage nauyi. Sai dai in iska ta samu hanyar fita fiye da da, ba a sake saita kwamfutar injin ba, fetur zai iya yin kaɗan a cikin haɗin, inji ya riƙa zafi yana tari. Shi ya sa cikakkiyar salansar tsere take zuwa da nata saitin. Wanda ya ɗaura bututu kawai ya tafi, ƙara ya saya, maƙwabta kuma su ne za su sha ta da asuba.

Mu da muka tashi muna ganin hawan salla mun san wannan darasi tun da daɗewa. Barden kirki yakan fara da harawa da dusa da kanwa, ya duba kofato, sannan ya je ga jalala da kayan ado. Babu mai yaba wa wanda ya yi wa ramammen doki kwalliya.

Don haka wanda ke da irin wannan babur a gida, ko yake shirin karɓo na hannu, ya nemi takardar sabis ɗin ƙarshe. In babu, ya ɗauka ba a yi komai ba: bel in samfurin mai bel ne, awon bawul, baƙin mai da mataci, man birki da na kuloci, ruwan lagireto, taya. Ya buɗe ɗan littafi ya rubuta ranar da lambar mita. In kuɗi ya ragu bayan nan, to bismilla, a sayo salansa.

Akwai makanikai da masu babur a cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.